Yadda ake sa sabuwar robar gilashi a tsohuwar bas

Duk wanda ya taɓa farfaɗo da tsohuwar bas ya san inda ruɓa take fara cin ta: ƙarƙashin tagogi. Roba ta bushe ta tsattsage, ruwa ya sulale ta bayanta ya kwanta a kusurwar ƙasa, shekara da shekaru yana cin ƙarfe ba wanda ya gani. Shi ya sa canjin roba bai tsaya ga cire tsohuwa a sa sabuwa ba. Rabin aikin yana kan ƙarfen da robar za ta kama.

Misalin da za a bi a nan shi ne bas ɗin Volkswagen da aka fi sani da Kombi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1950. Ita ce asalin danfon Legas. Ta farko, mai gilashin gaba biyu da sanda a tsakani, an yi ta a Jamus har 1967. Daga nan aka koma mai gilashin gaba ɗaya lanƙwasasshe, wadda Jamus ta ƙera har 1979, Burazil kuwa ta ci gaba da Kombi har 2013. A ƙarshe kuma za a taɓa manyan bas-bas masu shimfiɗaɗɗen gilashi, domin robarsu daban take, sa ta ma daban.

Ka fara sanin robar da kake nema

Idan ka yanka robar Kombi ka dubi bakin yankan, za ka ga kwarmi biyu. Ɗaya gilashi ke shiga, ɗayan kuma shi ke hawa kan siririn ƙarfen nan da ya kewaye ramin taga, wanda za mu kira harshen ƙarfe. Leɓen roba na waje yana kwanciya a jikin fenti, na ciki yana zagayowa ya rungumi harshen ta baya. Ba gam, ba kusa. Matsi kaɗai ke riƙe gilashin. Wasu robobin suna da kwarmi na uku ta waje, inda siririn ado na alminiyam ke shiga.

Kada ka sayi roba da shekarar mota kawai. Kombin Burazil, alal misali, daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1990 tana da fuskar sabon samfuri amma bayanta da tagoginta na tsohon ne. Ga kuma motocin da aka sha yi wa dashe. Ka auna kowace taga, ka yanko ɗan guntu daga tsohuwar robar inda ba ta mutu sosai ba, ka riƙe shi ka gwada da bakin sabuwar. Abu uku ne dole su dace: faɗin kwarmin gilashi da kaurin gilashinka, wanda a irin waɗannan motoci yawanci milimita 4 zuwa 6 ne, faɗin kwarmin ƙarfe da kaurin harshen, sai kaurin naman robar da ke tsakanin kwarmin biyu. Na ukun nan shi mutane ke mantawa. In ya yi kauri gilashi ba zai shiga ba, in ya yi siriri gilashi zai riƙa rawa a ciki, kusurwa ta buɗe baki.

Nemi roba nau'in EPDM, wata roba ce da ake haɗawa a masana'anta. Tana jure rana fiye da tsohuwar roba ta asali, wadda zafi ke busarwa. Abin da ba ta so shi ne man fetur da danginsa, za mu dawo kan wannan. Roba mai arha da ke ƙyalli kamar leda, mai tauri a hannu, ka bar ta a shago. Ka lanƙwasa ta sosai ka duba: mai kyau tana komawa yadda take ba tare da farin layi ya fito a wurin ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Wuƙa mai sabon kaifi, igiyar nailan mai santsi kaurin milimita 3 zuwa 4 wadda ta fi kewayen taga da kamar mita ɗaya, 'yan sandunan roba ko na katako masu faffaɗan baki, salatif na takarda, buroshin waya, samfefa, ruwan sabulu a kwalba mai feshi, bargo, safar hannu da tabarau. Da mutum na biyu, domin wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sukundireba kuwa ka ajiye ta nesa da gilashi.

Cire tsohon gilashi

Kafin komai, manna salatif a kowane gilashi ka rubuta wurinsa, da inda ne sama, da inda ne waje. Gilasan gefe suna kama da juna har sai ka zo mayar da su.

Tunda robar ta riga ta mutu, kada ka yi ƙoƙarin ceto ta. Yanka ta. Ka bi leɓen ciki da wuƙa ka yanke shi kewaye, wuƙar tana kwance, bakinta ba ya goga gefen gilashi. Da leɓen ya fita, gilashi zai saki da ɗan turi kaɗan daga ciki, abokin aikinka yana tare shi a waje. Masu tura gilashi da ƙafa alhali tsohuwar roba tana nan da ƙarfinta, su ke fasa gilashin da ba a samun irinsa a kasuwa.

Ya kamata ka san irin gilashin da ke hannunka. Akwai mai ƙwari wanda aka gasa, shi ne yawanci a gefe da baya. Fuskarsa tana jure duka, amma gefensa ne lagonsa: ƙarfe ya ɗan ƙwanƙwasa gefen sai ya tarwatse ya zama tsakuwa gaba ɗaya, kuma ba ya yankuwa. Akwai kuma mai ninki biyu da leda a tsakiya, wanda aka fi sa wa a gaba. Shi ba ya tarwatsewa, amma ba ya son a murɗa shi ko a danna shi wuri ɗaya. Ɗan ƙaramin ɓalli a gefensa ya isa ya zama doguwar tsaga.

In akwai adon alminiyam a jikin robar, kada ka ɓanɓaro shi tana kan mota. Fito da gilashin da shi, ka kwantar a kan bargo, sannan ka yanyanka robar ka raba ta da adon. Alminiyam ɗin nan da ya lanƙwashe sau ɗaya ba ya komawa daidai, kuma ko ka miƙe shi zai riƙa fita daga kwarminsa a kusurwa.

Harshen ƙarfe

Nan ne aikin yake. Kankare duk tsohon gam da datti, ka bi harshen da buroshin waya har ka ga ƙarfe. A Kombi mai gilashin gaba ɗaya, duba kusurwoyin ƙasa biyu na gilashin gaban da kyau, da ƙasan dogayen tagogin gefe. Tsatsa ta sama-sama ana goge ta, a shafa maganin tsatsa, a bi da fenti na farko mai kama ƙarfe. Amma inda ƙarfe ya huje ko ya yi laushi kamar busasshen ganye, sai an yanke an yi walda da sabon falle. Cika wurin da foti yaudarar kai ce, domin harshen shi ke ɗaukar matsin roba, foti kuwa zai ɓalle ne lokacin da igiya ta bi ta kansa.

Bayan walda, goge ɗinkin har kaurin harshen ya zama ɗaya da sauran. Ka bi shi da yatsa cikin safa ka ji. Ƙullutu ɗaya na walda da aka bari zai iya tokare gilashin gaba ya tsage shi, ko a ranar ko bayan sati biyu a kan hanya mai gargada. Kaifi ko ɗan ƙayar ƙarfe kuma zai yaga leɓen sabuwar roba. In harshen ya karkace ciki ko waje, a miƙe shi a hankali.

Tun kafin fenti, ɗauko gilashin tsirara ku riƙe shi a ramin tagar ku duba ratar da ke kewaye. Ya kamata ta zama kusan ɗaya ko'ina. In wata kusurwa ta fi faɗi, mai walda ya canza siffar ramin, kuma gara a gyara yanzu da a gano bayan an yi fenti.

Fenti ya bushe sosai kafin a sa roba. Bushewar taɓawa da yatsa ba ta isa ba. Ka ba shi kwanaki, in da hali sati ɗaya ko fiye, gwargwadon irin fentin. Ɗanyen fenti igiya za ta kware shi a daidai inda ruwa zai zauna. In motar tana da yadin silin, wato yadin da ke lulluɓe rufinta ta ciki, gefensa yana naɗowa ne a kan harshen sama a manne shi da gam, roba ta hau kansa ta danne. Saboda haka silin kafin gilashi. Kada a naɗa yadin ninki biyu, zai ƙara wa harshen kauri.

Sa roba a jikin gilashi

Fara da ƙaramar tagar gefe mai shimfiɗaɗɗen gilashi, hannunka ya saba. Gilashin gaba shi ne na ƙarshe.

Shanya robar a rana minti 20 zuwa 30, ko ka jiƙa ta a ruwan ɗumi. Da sanyin safiyar hunturu roba tana tauri kamar busasshiyar fata, ka jira hantsi. Wanke gefen gilashin, ka kankare tsohon datti da reza a kwance. Kwantar da shi a tebur mai bargo, in lanƙwasasshe ne ka tallafe shi ta ƙasa yadda ba zai yi lilo a tsakiya ba.

Nemo mahaɗin robar ka sa shi a tsakiyar sama, inda ruwa ba ya taruwa. In robar mai kusurwoyin da aka riga aka siffanta ce, fara zaunar da kusurwoyin, sannan ka cike tsakani. Buɗe kwarmin da babban yatsa kana tura shi kan gefen gilashin. A wannan kwarmin kada ka cika ruwan sabulu, in ya yi santsi da yawa robar za ta riƙa zamewa tana fita ta bayanka. Duk inda ka gama, ɗaure da salatif daga fuska zuwa fuska. Da ka kewaye, bi ta da hannu ka rarraba tsawonta, kada wani gefe ya ɗame wani ya yi sako-sako.

Adon alminiyam yanzu ake sa shi, gilashi yana kan tebur. Da gilashi ya hau mota kwarmin adon yana matsewa ya rufe, ba ya shiga kuma sai da ɓarna. Jiƙa kwarmin, ka buɗe shi da sandar roba kana danna ƙafar adon ciki, sannan ka zura 'yan marufan da ke rufe mahaɗinsa.

Sai igiya. Cusa ta cikin kwarmin ƙarfe tun daga tsakiyar ƙasa, ka kewaye da ita ka dawo, bakin biyu su gitta juna da kamar santimita 20. Dabara mai sauƙi: zura igiyar ta cikin bututun biro da aka cire wa tawada, ka riƙa jan bututun cikin kwarmin, igiyar tana kwanciya da kanta. Ragowar bakin biyu ka manne su da salatif a fuskar gilashin ta ciki, kowanne ka ɗaura masa ɗan guntun katako na riƙewa, domin jiƙaƙƙiyar igiya tana yanka hannu.

Maganar abin sa santsi. Ruwa da ɗan sabulu kaɗan ya wadatar, ko man da masu faci ke shafa wa bakin taya. Sabulun wanke-wanke da garin sabulu sukan ƙunshi gishiri, saboda haka a sa kaɗan ƙwarai, kuma kada a bar ƙarfe tsirara a ƙarƙashi. Baƙin mai, giris, basilin, kananzir, duk babu su. Suna shiga jikin EPDM su kumbura ta, ta yi laushi ta saki.

Jan igiya

Yi alama da salatif a tsakiyar gilashi da tsakiyar ramin taga, sama da ƙasa. Fesa ruwan sabulu a harshen ƙarfe da leɓen roba na ciki. Cire salatif ɗin da ka ɗaure robar da shi a gefen ƙasa, sauran a cire su yayin da ake isa gare su.

Daga waje ake kawo gilashi. A fara ɗora ƙasansa, kwarmin robar ya hau kan harshen ƙasa, alamomi su yi daidai, sannan a jingina saman. Ka tsaya ka duba hagu da dama. In ya karkata ko da milimita 3 ne, ɗaga ku sake. Gilashin da ya fara a karkace a karkace zai ƙare, kusurwa ɗaya ta matse ɗaya ta yi gibi.

Na waje ya shimfiɗa tafin hannuwansa biyu yana dannawa ciki da ƙasa, daidai inda igiya take fita, yana bin ta. Na ciki ya kama baki ɗaya ya ja a hankali. Ga inda ake kuskure: ba wajen ƙirjinka za ka ja ba. Ja igiyar tana kwance kusa da fuskar gilashi, ta nufi tsakiyarsa. Haka ne take ɗago leɓen ta ɗora shi a bayan harshen. In ka ja ta miƙe zuwa cikin mota, ko dai ta yanka leɓen ko ta fito ta bar shi a baya.

Ja santimita 15 zuwa 20 a hagu, ka koma dama ka ja kamar haka. Ka gama ƙasa gaba ɗaya, na waje ya ƙara danna gilashin ƙasa ya zauna, sannan kusurwoyin ƙasa. A kusurwa igiya tana yin nauyi. Ƙara ruwan sabulu, ka riƙa juya hannunka kana zana ƙananan da'ira da igiyar, leɓen zai riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Hau gefuna biyu tare, kusurwoyin sama, ku haɗu a tsakiyar sama. Wurin ƙarshen nan ya fi ko'ina tsauri, kuma a nan igiya ke son jawo yadin silin ta yaga, sai a sa sandar roba a danne yadin yayin da take wucewa.

In leɓe ya kuɓuce a ɗan wuri kaɗan, ana iya jawo shi da ƙugiya marar kaifi. In ya kuɓuce da tsawon hannu, kada ka yi ta fama. Turo gilashin waje, mayar da igiya, sake farawa. Minti 10 ne, gilashin gaba kuwa kuɗi ne da jira.

Gasasshen gilashi yana jure ɗan mari da tafin hannu don ya zauna. Mai ninki biyu a danna shi kawai, da hannu a shimfiɗe, kusa da roba. Ba dunƙule, ba gudumar roba. Bayan an gama, zagaya ta waje da sandar roba ka fito da leɓen waje duk inda ya naɗe ciki.

Manyan bas masu robar kulle

A manyan tsofaffin bas-bas da yawa, irin na Ingila da makamantansu, gilashin gefe shimfiɗaɗɗe ne, robar kuma ana sayen ta ne da mita, ba a zobe ba. Tana da kwarmi na uku inda ake cusa wata siririyar roba, wato robar kulle, da ke buɗa ta ta matse gilashi da bodi lokaci ɗaya. A nan ba igiya, kuma tsarin a juye yake: roba a jikin mota tukuna, sannan gilashi, sannan 'yar robar kulle.

Fara daga tsakiyar sama, kana tura robar kan ƙarfe, kana cusa ta sosai cikin kowace kusurwa. Kada ka ja ta. Da ka dawo inda ka fara, yanke ta da rarar kamar santimita 1 a kowace mita ta kewaye, ka haɗa baki da baki, ka danna tudun da ya tashi ya shige. Roba tana tsukewa da tsufa, wadda aka yanka cif-cif bayan shekara za ka ga rata a mahaɗinta. Sa gilashi a kwarmin ƙasa, ka bi da sandar roba kana ɗago leɓe yana hawa kansa. Robar kulle tana da abin sa ta na musamman, ƙarfe mai ido a baki: idon yana buɗa kwarmi, robar tana bi ta cikinsa tana kwanciya. Jiƙa kwarmin sosai. Mahaɗinta kada ya faɗa wuri ɗaya da na babbar robar, ita ma a bar mata 'yar rara a cusa. Ka lura da gefen da take tun asali, ciki ko waje, ka mayar da ita can.

Kowace irin wannan roba tana da iyakar lanƙwasar da take ɗauka. In kusurwar tagarka ta fi ƙarfinta, leɓen ciki zai tattare na waje ya ɗage, kuma ba abin da zai gyara sai canza samfurin roba. In gilashi ya ɓata sai an yanko sabo, a fitar da siffarsa a falankin katako a gwada cikin robar tukuna. Kuma gilashin mota za a sa, mai ninki biyu ko wanda aka yanka sannan aka gasa. Gilashin tagar ɗaki in ya fashe wuƙaƙe yake zama.

Gwajin ruwa

Bar motar kwana ɗaya ko biyu ruwan sabulu ya bushe, roba ta zauna. Sannan mutum ɗaya ya shiga ciki da tocila, ɗaya ya riƙe tiyo ba tare da matse bakinsa ba. Fara daga ƙasan taga, ka daɗe, sannan ka hau sama a hankali. In ka fara daga sama, ruwa zai jiƙa ko'ina ka rasa ta inda ya shiga.

In akwai yoyo, duba ko tsakanin gilashi da roba ne ko tsakanin roba da bodi. Maganinsa abin toshi na butil, wata roba mai danƙo wadda ba ta daskarewa: a zura bakin bututunsa ƙarƙashin leɓen waje a matsa siririn layi, musamman sama da kusurwoyi, a danna, a goge rarar. Silikon na banɗaki kada ya kusanci wurin. Irin mai warin tsami ɗin nan yana cin ƙarfe, fenti ba ya kama inda ya taɓa, kuma yana saki ya zama aljihun ruwa. Gam mai ƙarfi na gilashin motocin zamani shi ma ba nan ne wurinsa ba, domin duk ranar da aka so cire gilashin sai an sha wahala.

Wani lokaci kuma robar ba ta da laifi. A Kombi ruwa yakan shigo ta gindin waifa, ko ramin eriya, ko ruɓaɓɓen magudanar rufi, ya gangaro ya fito a ƙasan gilashi. Toshe waɗannan da salatif ɗaya bayan ɗaya kana maimaita gwajin, kafin ka yanke shawarar sake fito da gilashin.